Daga Ramin Alamogordo Zuwa Shagon Caji A Lajawa: Tarihin Wahalar Masu Ƙera Gem

A hutun Babbar Sallah na je gida Lajawa, cikin Ƙaramar Hukumar Wudil, na tarar da abin da ya sa ni wannan rubutu. Bayan sallar isha'i na fito shan iska, sai na hango yara sun yi cincirindo a ƙofar wani shagon cajin waya, janareto na ta ruri. Na ɗauka ƙwallo ake kallo, ko wani sabon fim. Ko da na leƙa, ashe ɗan yaya na ne, wanda ke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ya jona wata na'urar PlayStation 4 da ya sayo ta hannu a jikin talbijin ɗin mai shago. A allon ga wani ɗan taliki da guntun takobi, a gaban sa kuma ga wani ƙaton barde cikin sulken zinare bisa ingarma. Kafin ka ce kwabo barden ya make shi ƙasa, wasu jajayen haruffa su ka fito su na shaida masa ya mutu. Yara su ka sa ihu. Ina tsaye a nan sai da aka kashe shi sau tara.

Na ce, "Kai kuwa, wace irin wahala ce wannan ka saya da kuɗin ka?"

Ya ce, "Baffa, ai daɗin ke nan. Sunan sa Elden Ring. Wanda ya yi shi ma da gangan ya yi shi haka."

To, jama'a, da na koma na bi diddigin abin, sai na gane cewa wahalar mai buga gem wasa ce idan aka kwatanta da ta masu ƙera shi. Kuma labarin su, in ka cire sunayen, sai ka rantse labarin 'yan fim ɗin mu ne.

YADDA ABIN YA SHIGO MANA

Waɗanda su ka tasa a shekarun 1990 za su tuna da ƙananan akwatunan nan masu cin kaset ruwan ɗorawa, waɗanda ake buga Mario da Contra a cikin su. Kwaikwayon na'urar Famicom ce, wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983. Daga baya Sega ta zo da Mortal Kombat, sannan PlayStation ta kamfanin Sony, wadda ta fara fita a Japan a Disambar 1994, ta kawo zamanin faifan sidi. Daga nan ne gidajen gem su ka yawaita a unguwannin Kano, inda samari ke kashe kuɗin tara a wasan ƙwallo, wanda aka ci ya biya, wanda ya ci ya ci gaba da zama.

Abin lura shi ne, a daidai wannan lokaci ne fim ɗin Hausa na bidiyo ya ke rarrafe, tun daga 'Turmin Danya' na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Talbijin ɗaya su ke amfani da ita, janareto ɗaya, kuma faɗan iyaye iri ɗaya su ke sha. Bambancin kawai shi ne, fim mun karɓe shi mun mai da shi namu, gem kuwa mun tsaya a 'yan saye.

GAGGAWA AIKIN SHAIƊAN

A 1982 darakta Steven Spielberg ya fitar da fim ɗin 'E.T.', labarin wata halitta da ta ɓato daga sararin samaniya. Fim ɗin ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba. Kamfanin Atari na Amurka, wanda a lokacin shi ne sarkin harkar gem, ya biya miliyoyin daloli ya sayi haƙƙin mai da shi wasa. Sai dai ba a gama cinikin ba sai ƙarshen watan Yuli, ga shi ana so a riski kasuwar Kirsimeti. Sai aka damƙa wa mutum ɗaya, Howard Scott Warshaw, aka ce ya gama cikin mako biyar da 'yan kwanaki, alhali irin wannan aiki watanni ya ke ci.

Ya kuwa gama. Amma yaran da aka saya wa su ka tarar da abin takaici: duk inda ɗan E.T. ya taka sai ya faɗa rami, ya fito da kyar, ya sake komawa. An sayar da sama da miliyan ɗaya, amma abin da aka buga ya ninka haka, 'yan kasuwa kuma su ka yi ta dawo da kaya. A 1983 Atari ya yi asarar sama da dala miliyan 500. Ba E.T. kaɗai ya jawo ba, domin kasuwar ta riga ta cika da tarkacen wasanni, amma shi ya zama abin nuni. A watan Satumba na wannan shekara kamfanin ya kwashi kayan da su ka yi kwantai a manyan motoci, ya binne su a wata bola a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Shekaru da dama wasu na ɗaukar zancen almara ne, sai a Afrilun 2014 aka tona wurin don wani fim na tarihi, aka kuwa zaƙulo kaset-kaset ɗin.

Duk furodusan da ya taɓa haɗa fim a gurguje don ya riski kasuwar Sallah, daga baya ya ga kwalayen sa jibge a Ƙofar Wambai ƙura na bin su, ba sai an yi masa fassarar wannan labari ba.

Kada mai karatu ya ce ai wannan zamanin da ne. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Foland ya sanar da wasan Cyberpunk 2077 tun 2012, ya ɗauko jarumi Keanu Reeves ya sa a ciki. A 2020 sau uku ana ɗage ranar fitowar sa, har aka tilasta wa ma'aikata aikin kwana shida a mako. Da ya fito ran 10 ga Disamba, 2020, sai ga shi a kan PlayStation 4 ya na sandarewa, mutane na ratsa bango, motoci na tashi sama. Cikin kusan mako guda Sony ya cire shi daga shagon sa na intanet, ya ce a mayar wa mutane kuɗin su, bai dawo da shi ba sai a Yunin 2021. Ɗaya daga cikin waɗanda su ka kafa kamfanin, Marcin Iwinski, sai da ya fito a bidiyo ya roƙi gafara. Sun shafe kusan shekara uku su na gyara kafin mutuncin su ya dawo a 2023.

MUTUMIN DA YA GAJI MATACCEN AIKI

Yanzu bari mu koma kan wanda ya hana ɗan yaya na barci. Hidetaka Miyazaki ɗan talakawa ne daga Shizuoka ta Japan. Ya sha faɗa cewa ya na yaro ya kan aro littattafan da su ka fi ƙarfin karatun sa daga laburare, inda ya kasa ganewa sai ya cike da tunanin sa. Ya girma ya samu aiki mai tsoka a kamfanin Oracle, amma a 2004, ya na ɗan shekara 29, ya ajiye ya shiga wani matsakaicin kamfanin gem mai suna FromSoftware a kan albashin da bai kai na da ba.

A can ya tarar da wani aiki da ya cije, kowa ya fid da rai da shi. Shi kuwa ya nemi a ba shi, a bisa lissafin cewa tunda an riga an ɗauke shi matacce, ko ya lalace ba mai zargin sa, don haka zai yi abin da ya ga dama. Wannan aiki shi ne Demon's Souls, wanda ya fito a Fabrairun 2009. Sony, wanda ya zuba kuɗi a ciki, ya ƙi kai shi kasuwannin ƙasashen Yamma, sai wani kamfani mai suna Atlus ya kai shi Amurka. A hankali labari ya bazu baki da baki cewa ga wani wasa da ba ya lallashin kowa. Dark Souls ya biyo baya a 2011, a 2014 kuma Miyazaki ya zama shugaban kamfanin baki ɗaya.

Elden Ring an fara aikin sa a 2017, aka gayyato marubuci George R. R. Martin, mai littattafan da aka yi shirin 'Game of Thrones' da su, ya rubuta tarihin duniyar wasan: sarakunan ta, zuriyar su da rigingimun gadon su. An ɗage fitowar sa daga Janairu zuwa 25 ga Fabrairu, 2022. Kafin mako uku an sayar da kwafi miliyan 12, a Disambar shekarar ya lashe kambun gwarzon wasa, zuwa 2025 kuma ya haura miliyan 30. A Mayun 2025 aka sanar cewa kamfanin A24 zai mai da shi fim, darakta Alex Garland zai ja ragama.

Ga yadda wahalar ta ke. An sake ka a wata faffaɗar ƙasa mai dazuzzuka, kufai, fadamu da fadoji, ba mai ce maka bi nan. Duk abokin gabar da ka kashe za ka samu wata dukiya da ake sayen ƙarfi da ita. In aka kashe ka, dukiyar na zube a inda ka faɗi, sai ka koma ka ɗauko. In aka sake kashe ka kafin ka isa, shi ke nan ta tafi har abada. Labarin ma ba a ba ka shi a jere, sai dai ka tsinto a bakin mutane da bayanan da ke jikin makamai, kamar dai yadda Miyazaki ya yi karatun yarinta.

'YAN'UWAN MU NA KUSA

Maƙwabtan mu na Kamaru sun gwada. Wani matashi mai suna Olivier Madiba ya fara mafarkin wasan yaƙi na Afrika tun 2003, amma sai a 2013 ya samu kafa kamfanin Kiro'o Games a Yawunde. Jari ya gagara, su ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya su na sayar da hannun jari, a 2015 kuma su ka yi gidauniya a intanet ta dandalin Kickstarter, su ka tara kusan yuro 50,000. Babban abokin gabar su kuwa mun san shi sarai: ɗaukewar wuta, wadda ta riƙa tsayar masu da aiki. Duk da haka a Afrilun 2016 'Aurion: Legacy of the Kori-Odan' ya fito, labarin Yarima Enzo da amaryar sa Erine, waɗanda surukin sa ya yi wa juyin mulki ranar naɗin sarauta da ɗaurin aure. Shekara 13 ke nan daga mafarki zuwa kasuwa.

Shi ma jarumin nan na Ingila ɗan asalin Kenya, Abubakar Salim, ya kafa kamfani ya yi 'Tales of Kenzera: Zau' don tunawa da mahaifin sa da ya rasu. Ya fito a Afrilun 2024, ya sha yabo, amma kafin wata uku sai da kamfanin ya rage ma'aikata. A nan gida kuma akwai Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012, waɗanda su ka kama wasannin waya, har a 2024 su ka yi wa Disney wasan girki na shirin 'Iwaju'.

TO MU FA?

Mai karatu, ɗauko 'Ruwan Bagaja' na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, ka sake duba ginin sa. Mutum ya bar gida neman wani ruwa mai magani, ya bi gari ya bi daji shekara da shekaru, a daure shi nan, ya kuɓuta can, ga Malam Zurƙe na ɓullo masa a inda bai zata ba, har ya dangana da aljannu. Wannan ai shi ne ainihin tsarin da ake gina irin su Elden Ring a kai. Ga 'Ganɗoki' na Bello Kagara, ga 'Iliya Ɗan Maiƙarfi' na Ahmadu Ingawa, ga tarin littattafan yaƙi na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih. Abin da kamfanin Japan ya je har Amurka ya biya Martin ya rubuta masa, mu ga shi jibge a kasuwa. Amma yaran da na gani a ƙofar shagon nan sun haddace sunan Margit da Malenia, da na ambaci Zurƙe kuwa sai su ka kalli juna.

Ba na cewa gobe mu tashi mu yi irin Elden Ring. Wannan aikin ɗaruruwan ma'aikata ne da maƙudan kuɗi. Amma Aurion zanen hannu ne, 'yan mutane kaɗan su ka yi shi, kuma manhajar ƙera wasa irin su Godot kyauta ake sauke ta. Ga ɗaliban kwamfuta a Wudil, ga marubuta, ga masu kiɗan fim da masu ɗora murya a Kano. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, wanda ya yi gaggawa ya binne kayan sa, wanda ya jure kuwa ya ci riba.

A dare na uku na koma shagon. Na tarar ɗan yaya na ya rabu da barden nan, ya zagaye shi ta bayan bishiyoyi, ya je ya samo doki, ya shiga kogo biyu, ya ƙara ƙarfi. Ya ce ai abin da maƙerin ke son koya maka ke nan: in abu ya fi ƙarfin ka, ƙasar na da faɗi, je ka ka dawo. Ya dawo kuwa, su ka gwabza, ƙarfin barden ya rage saura ƙiris, yara duk sun miƙe tsaye, sai janareto ya yi tari ya mutu. Man ya ƙare.

Shiru ya ratsa wurin. Can sai ya ajiye madannin ya ce, "Baffa, ko za ka ranta mani kuɗin lita ɗaya?"

Na ce, "Zan ba ka na lita biyu, amma da sharaɗi: gobe ka zo ka karɓi 'Ruwan Bagaja' ka karanta, in ka koma makaranta kuma ka nuna wa abokan ka."

Ya karɓa. Allah Ya sa mu ga abin da zai biyo baya, amin.