Malam Intro da akwatunan da ba a buɗe ba

Ga rubutaccen shirin wannan mako, don waɗanda data ta hana su saurare.

Yau kwana ashirin ke nan da rasuwar wani malaminmu na ƙaramar sakandare. Da na ce zan yi shiri a kansa, wani abokina dariya ya yi, wai tarihi ai na sarakuna ne da 'yan siyasa, me ya haɗa shi da malamin kafinta? To, a yi haƙuri da ni, yau malamin kafintan za mu yi. Ba zan kama sunansa ko na garin ba, don iyalinsa ba masu son yamaɗiɗi ba ne. Mu dai Malam Intro muke ce masa, duk da cewa a zamaninmu an riga an sauya wa darasin suna daga Introductory Technology zuwa Basic Technology. Sunan ya bi shi har ranar da aka kai shi makwancinsa.

Bari mu ɗan koma baya. Koyar da aikin hannu a makarantar boko ba baƙon abu ba ne a Arewa. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da ɓangaren sana'a, inda ake koyar da kafinta da ƙira da dukanci. A 1956 aka kafa cibiyar koyar da fasaha a Kaduna, wadda ta zama Kaduna Polytechnic a 1968. Amma duk da haka, abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne boko hanyar zama akawu ce, ka sa farar riga ka zauna a ofis. Wanda aka tura makarantar sana'a kuwa, kallon wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta ja ba ake yi masa.

Wannan tunani aka so a karya. A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka yi babban taron manhajar karatu a Legas, inda aka yi ta kukan cewa ilimin da Turawa suka bar mana bai dace da buƙatun ƙasa ba. Daga nan aka samu manufar ilimi ta ƙasa a 1977, sannan a 1982, zamanin Shagari, aka fara tsarin 6-3-3-4. Shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Zuciyar tsarin ita ce waɗannan shekaru uku na ƙaramar sakandare. An ce kowane yaro zai taɓa katako da ƙarfe da wayar lantarki, ya koyi zanen fasaha, ta yadda ko bai wuce aji uku ba zai fita da abin yi a hannunsa. A takarda kam, wallahi tsarin ya yi kyau.

Gwamnatin tarayya ta yi odar kayan aiki daga ƙasashen gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari da Cekoslobakiya, aka rarraba wa makarantu. Sai dai an sayi sirdi ne kafin a sayi doki. Makarantu da yawa ba su da ɗakin da za a kafa injinan, ba lantarki, ba malaman da suka san kansu. Kuɗin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu tun 1982, SAP ta zo a 1986 ta ƙarasa abin da ya rage. Duk wanda ya yi sakandare a wancan zamani zai ba ka labarin akwatunan katako da aka jibge a bayan aji ko a sito, rana ta dake su, ruwa ya dake su.

Cikin wannan hali aka turo Malam garinmu, yana saurayi sabon fitowa daga kwalejin horar da malaman fasaha. Ɗan gidan maƙera ne, tun yana ƙarami yake zuga wa mahaifinsa wuta, don haka guduma ba baƙuwarsa ba ce. Ya taɓa ba mu labari cewa akwatunan sun riga shi isowa. Da ya nemi a buɗe, shugaban makaranta na lokacin ya ce kayan gwamnati ne, ba mai taɓawa sai injiniyoyin da za su kafa su sun zo. Aka yi ta jira. Da ya ga shekara ta zagayo, sai ya lallaɓa aka bar shi ya buɗe ƙananan akwatunan da ke ɗauke da zarto da guduma da filaya da sukundireba. Manyan injinan kuwa, masu buƙatar wuta mai ƙarfi, ko sau ɗaya ba su taɓa juyawa ba. Lokacin da muka shiga makarantar, shekara ashirin da wani abu bayan nan, suna nan a kusurwar wani ɗaki, gara ta cinye akwatunan, tsatsa ta kama ƙarafan. Mukan hau kansu mu ci gyaɗa lokacin tara.

Wani malamin da sai ya rungumi alli, ya zana zarto a allo, ya ce a kwafa a haddace. Kuma ba wanda zai ga laifinsa, tunda jarrabawar ma abin da take tambaya ke nan. Malam bai yi haka ba. Katako babu kuɗin saye, sai ya mayar da karyayyun bencinan makaranta kayan darasi. Ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya ya kafa teburin aikinsa. Duk zangon karatu sai kowane ɗalibi ya kawo wani abu da ya lalace daga gida, kujera 'yar tsugunno ce, marfin taga ne, fitila ce, rediyo ce, a gyara a gaban kowa, ka mayar wa mahaifiyarka da hannunka. Lanƙwasasshiyar ƙusa ba ya yarda a yar, akwai gwangwanin da ake tarawa, ranar Juma'a a zauna a miƙe su ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba ya ware mata. Idan yarinya ta ce ita ba za ta iya riƙe zarto ba, sai ya ce wadda ta iya taɓarya ai zarto wasa ne a wurinta.

Yana da wata magana da ba na mantawa. Idan ɗan gaban aji irina ya cika surutu, ya auna ba daidai ba, sai ya ɗaga katakon ya nuna wa aji, ya ce, "Ka gani ko? Katako ba ya jin Turanci."

A nan zan faɗi laifina. Ni ina cikin waɗanda suka raina darasinsa. Mu ne 'yan lissafi da Turanci, masu shirin zama likitoci da lauyoyi, kuma mun ga yadda wasu malamai ke kiransa kafinta a bayan idonsa, mu ma muka ɗauka. Iyaye ma haka, akwai wanda ya zo har makaranta yana faɗa, wai bai kawo ɗansa boko don a mayar da shi maƙeri ba. Kun san halinmu, muna son garma da ƙofa da gado, amma idan wanda ya ƙera su ya zo neman aure sai a fara tambayar asali. Na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, na shekara biyu ina yawo da takardu a leda. Yaron da ke ɗaukar na kusa da ƙarshe a ajinmu, wanda Malam ya riƙa ja a jiki, yau shagon walda gare shi da yara shida a ƙarƙashinsa, kuma shi ya ranta mini kuɗin motar zuwa wata ganawar neman aiki.

Kada wani ya ce na ce digiri banza ne, ban faɗa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda kullum ake tara mu a ɗakin taro ana ce mana matasa ku kama sana'a, kamar mu muka ƙi. An yi wa iyayenmu alƙawarin wannan sana'ar a 1982, aka bar ta a cikin akwati. A 1999 Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, daga baya aka sake fasalin tsarin, aka sauya sunan darasi, amma ku je makarantar gwamnati mafi kusa da ku ku tambaya ina ɗakin koyon aikin hannu. Ga hukumar NBTE a Kaduna tun 1977, ga kwalejojin horar da malaman fasaha a Bichi da Gusau da Potiskum da Gombe suna yaye ɗalibai. In an tura su makarantar da ba ko guduma, me za su koyar? Yanzu kuma sai a raba wa matasa keken ɗinki ana ɗaukar hoto, bayan sati biyu ka gan shi a kasuwa.

Malam ya cika shekara 35 yana aiki ya yi ritaya. Haƙƙinsa na sallama ya daɗe bai fito ba, ya yi ta zirga-zirga da fayil har ya gaji ya bari. A ƙofar gidansa ya kafa rumfa yana gyaran kujeru da ƙofofi, da abin yake ci da iyalinsa. Injinan nan kuwa, wata shekara iska ta yaye rufin ɗakin, daga baya aka wayi gari babu su. An ce 'yan gwangwan aka sayar wa a kan kilo. Da aka gaya masa, bai ce komai ba, sai ya tambaya ko an bar teburin da ke ƙarƙashin darbejiya.

Ranar jana'izarsa ban ga motar gwamnati ko ɗaya ba. Amma masu walda da kafintoci da masu gyaran wuta na garin duk sun rufe shago, wasu sun zo da kayan aikinsu a jiki, ko canzawa ba su tsaya yi ba. A nan limamin unguwa ya gaya mana abin da yawancinmu ba mu sani ba: makarar da aka ɗauke shi a ciki, shi ya haɗa ta da ɗalibansa shekaru da suka wuce, ya ba masallaci sadaka, kuma duk lokacin da ta yi rauni shi ke zuwa da gudumarsa ya gyara.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa aljanna ce makomarsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Wanda makarantarsu ta samu irin waɗannan akwatuna, ya gaya mana a ƙasa abin da ya faru da su. Sai mun haɗu a shiri na gaba.