Gorar Amurka da Goran Matan Fada



Abin da ya jawo rubutun yau dariya ce. Muna zaune da yamma a Arkilla, bakin hanyar Kalambaina, manyan motocin siminti na wucewa suna bulbula mana ƙura, sai wani daga cikinmu ya miƙo waya ya ce mu zo mu ga rashin aikin yi. Wani dattijon Bature ne a ɗakin aikinsa yana fere tsinken gora, ya fere ya auna, ya sake ferewa ya sake aunawa. Wai sandar fatsa yake yi, kuma wai sai ya shafe makonni kafin ya gama guda ɗaya. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Mu da muka taso muna karyo kara ko reshe, mu ɗaura zare da ƙugiya, mu tono tana, mu sa totuwa ta riƙa nuna mana in kifi ya taɓa, me zai sa mutum ya ƙarar da wata guda a kan sanda?

Dariyar ta tsaya ne lokacin da wani ya yi tambaya: to a cikinmu wa zai iya rubuta shafi ɗaya kan yadda ake yin homa? Mu biyar ne a wurin, duka muna kiran kanmu marubuta, duka mun sha ganin homa a hotunan Argungu. Babu wanda ya san da wane itace ake lanƙwasa bakinta.

Kafin mu shiga tarihin, ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Kalmar gora biyu ce a Hausa. Akwai gora ta sanda, wadda ake dogarawa ko a kora shanu da ita, ita mace ce: gorar malam. Akwai kuma gora na duma, shi namiji ne: goran ruwa. A baki karin sauti ne ke raba su, a rubutu kuwa sai jinsi. Abin sha'awa, dukansu biyu sun shiga ruwa neman kifi, ɗaya a Amurka, ɗaya a nan gulbinmu, kuma abin da ya sami kowannensu ya bambanta.

Irin fatsar da Baturen nan yake yi wa sanda ba irin tamu ba ce. Su ba sa saka tana. Ƙugiyar ake naɗe wa zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, a jefa ta bisa ruwa, kifi ya taso ya cafka. Dabarar tsohuwa ce, don wani marubucin Rum mai suna Aelian ya bayyana ta wajen shekara ta 200 Miladiyya, inda ya ce mutanen Masedoniya na ɗaura jan ulu da gashin zakara a ƙugiya. Matsalar ita ce ƙwaron ƙaryan nan ba shi da nauyi, ba ya jefuwa. Don haka igiyar ce ake yi wa nauyi, sandar kuma dole ta lanƙwashe ta miƙe kamar bulala don ta cilla igiyar nesa. Sanda mai tauri ba ta yi, mai laushi da yawa ma ba ta yi. Ƙarni da dama Turawa na fama da itatuwa masu nauyi, hannu na gajiya.

Wajen 1845 wani maƙerin bindiga mai suna Samuel Phillippe, a garin Easton na jihar Fensilbaniya, ya fara tsaga gora yana fere tsagin yana mannewa. Hikimar a nan take: ƙarfin gora yana can kusa da bayanta, cikinta kuwa rami ne da laushi. In ka tsaga ta ka zubar da cikin, ka haɗa bayan kaɗai, ka sami sanda marar rami, siririya, mai ƙarfi. Wanda ya mayar da abin sana'a sosai shi ne Hiram Leonard, shi ma maƙerin bindiga, a garin Bangor na jihar Maine, daga farkon shekarun 1870. Tsagi shida yake haɗawa, kowanne mai kusurwa uku, sandar ta fito da gefe shida. Ya ƙera injin da ke fere tsagin daidai wa daida, sannan ya kulle injin a ɗaki, ba kowane ma'aikacinsa ke shiga ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. A 1881 ya mayar da masana'antarsa Central Valley a jihar Niyok, daga baya yaransa irin su Edward Payne da Fred Thomas da Eustis Edwards suka fita suka buɗe nasu.

Gorar ma ba tasu ba ce. Da farko daga Indiya ake kawo ta, daga baya aka koma wata iri da ke fitowa a gefen kogin Sui, a kudancin Sin, wadda 'yan kasuwa suka laƙaba wa sunan Tonkin. Sai ga 1950, Amurka ta haramta ciniki da Sin, gora ta yanke. A daidai lokacin kuma sandunan zaren gilashi sun shigo kasuwa da araha, a farkon shekarun 1970 na zaren kabon suka biyo baya, sun fi sauƙin ɗauka, ba sa ruɓewa. Manyan kamfanoni suka daina yin ta gora ko suka rufe. A lissafin kasuwa, sana'ar ta mutu.

Abin da ya tashe ta littafi ne. Akwai wani injiniya, Everett Garrison, da ke yin sandunan a gidansa da hannu, ba da inji ba, kuma duk abin da ya yi sai ya auna ya rubuta. Wani matashi, Hoagy Carmichael, ɗan shahararren mawaƙin nan mai wannan suna, ya lizimce shi yana kallo yana tambaya yana ɗaukar hoto. Garrison ya rasu a 1975, littafin ya fito a 1977 da sunan A Master's Guide to Building a Bamboo Fly Rod. Babu kirari a cikinsa. Yadda ake tsaga gora ne, yadda ake danne gaɓoɓinta da zafi, yadda ake gasa ta don ta ƙara tauri, kaurin da sanda za ta yi a kowane inci biyar, ana lissafi da kashi ɗaya cikin dubu na inci, da irin mannin da za a sa, da yadda ake naɗe zoben igiya da siliki. Mutumin da bai taɓa ganin Garrison ba zai iya buɗe littafin ya yi sanda. Haka kuwa aka yi. Likitoci da malaman makaranta da 'yan fansho suka ɗauki abin a matsayin sha'awa, har yau suna taruwa suna gwada wa juna. Dattijon da muka yi wa dariya jikan wannan littafi ne.

Yanzu mu dawo gida. Arkilla ba ta da nisa da ruwa. Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suna haɗuwa a nan kusa da birni, su bi ta Wamakko su gangara Argungu, kimanin kilomita 100 daga nan. Wannan ruwa yana da mutanensa tun kafin a kafa Sakkwato: Kabawa da Sarkawa, waɗanda tarihinsu ke haɗe da daular Kanta ta ƙarni na 16 da birninsa Surame. Su ne masu taru da birgi da kalli da mamari da undurutu da zago, kowanne da irin kifinsa da irin lokacinsa. Su suka san inda giwan ruwa ke kwana, da bambancin ramboshi da tarwaɗa, da watan da balli ke yin sheƙa. A bakinmu na Sakkwato ma ba kifi muke cewa ba, kihi ne.

Goranmu na duma yana cikin wannan tarihi. Babban duma ne ake bari ya ƙosa ya bushe, a huda shi ta sama, masunci ya kwanta a kansa da ciki ya yi iyo, hannuwansa biyu riƙe da homa, kifin da ya kama ya jefa cikin goran. Jirgi ne, kuma ma'aji ne, a abu guda da aka shuka a bayan gida. In da Bature ne ya ƙirƙiro shi da yanzu akwai littafi kan kaurin da ya kamata bayansa ya yi.

Duniya ta san goran nan ta dalilin bikin Argungu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da babban su, aka rufe littafin gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi. Daga nan bikin ya samo siffarsa ta yau, ko da yake al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa sun girme shi nesa. A Matan Fada ake shiga, da izinin Sarkin Ruwa, kuma doka ce ba a shiga da kayan zamani, sai homa da gora. UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, an dawo da shi a 2020, inda kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78.

To amma su na rana ɗaya a shekara ba shi ne sana'a ba. Sauran ranakun fa? Zaren nailan ya kori na auduga da na rama, komar da ake saƙawa a gida ta koma wadda ake sayowa a ƙunshe daga kasuwa. An gama dam ɗin Bakolori a 1978, na Goronyo a 1984, ambaliyar da ke cika fadamu kowace damina, inda kifi ke hayayyafa, ta canja hali. Jarka ta fara zama gora. Wannan shi ne 1950 ɗinmu, sai dai namu a hankali ya zo, ba wanda ya yi shela.

Kada a fahimce mu baibai. Ba muna cewa masunci ya ajiye nailan ya koma murza rama don mu ji daɗin rubutu ba. Baturen da ke fere gora ya ƙoshi ne, galibi ma in ya kama kifin sakinsa yake yi ya koma ruwa. Namu kuwa da abin da ya kamo za a auno gero. Duk abin da ya rage masa wahala alheri ne, kuma mu da ke zaune a inuwa ba mu da bakin hana shi. Maganarmu a kan abin da ke cikin kan tsofaffin ne, wanda ba ya buƙatar a ci gaba da aiki da shi kafin a rubuta shi.

Kuma an yi rubutu, kada mu yi wa magabata butulci. Ƙamusun Bargery, wanda shi ma a 1934 ya fito, ya tattara sunayen kifaye da na kayan su. Wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya wallafa maƙala kan masuntan Kabi a 1942. Jean Rouch na Faransa ya yi rubutu kan Sarkawa a 1950. A sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu akwai kundayen digiri kan sarkanci. Amma na farkon da Turanci da Faransanci suke, kundayen kuma suna kan kanta, sannan abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne tsafi da kirari da waƙa da sarautu. Su ma suna da daɗi. Sai dai sunan abu daban, yadda ake yin sa daban. Ƙamus zai gaya maka homa koma ce ta hannu, ba zai koya maka ɗaurin farko ba.

Mu kanmu masu ƙirƙirar labari mun fi kowa laifi. Sau nawa muka karanta, ko muka rubuta, “mahaifinta masunci ne, talaka,” daga nan aka wuce zuwa falon Alhaji aka kwashe shafi uku ana siffanta kujeru da labule? Mun san sunan kowane turare da kowace mota, amma uban jarumar tamu bai taɓa riƙe wani abu mai suna a hannunsa ba. Mai karatu a Yawuri ko Argungu yana gane cewa ba mu taɓa jiƙa ƙafa ba.

Wani zai ce ai Sarkawa ba sa faɗin sirrinsu. Gaskiya ne akwai abin da ba za su faɗa ba, kuma haƙƙinsu ne. Amma ku tuna Leonard ma kulle injinsa ya yi. Abin da ya fito da ilmin fili mutum ɗaya ne da ya yarda a zauna kusa da shi, da yaro ɗaya da ya jure zaman. Carmichael bai tambayi asiri ba, kauri da tsawo ya tambaya. Yawancin abin da muke buƙata ba a ɓoye yake ba, ba a dai taɓa tambaya ba ne, don ana ganin bai kai a tambaya ba.

Mun gwada, don kada mu zo nan da wa'azi kawai. Asabar da ta wuce mu uku muka hau babur muka gangara bakin gulbi ta wajen Wamakko, da littafin rubutu da tef ɗin awo irin na tela. Muka tarar da wani dattijo a gindin itace yana ɗinke komarsa da ta yage. Muka gaishe shi, muka ce, “Baba, so muke ka nuna mana yadda ake wannan aikin, mu rubuta.” Ya dube mu ya dubi tef ɗin, ya yi murmushi, ya ce mu mayar da shi aljihu. Shi da yatsu yake awo. Idon koma akwai mai yatsa ɗaya, akwai mai biyu, akwai mai huɗu, kowanne da girman kifin da yake tarewa, kuma mai ƙaramin ido shi ne ke kwashe 'ya'yan kifi ya bar gulbi fayau. Ya nuna mana ƙullin sau uku a hankali. Mu ukun muka rubuta, da muka dawo Arkilla muka haɗa, sai muka ga bayani uku ne daban-daban, kuma babu ɗaya da mutum zai bi ya ƙulla wani abu. Ba mu da kalmar da za mu kira zagayen da zaren ke yi kafin a ja shi, mun kuma manta ba mu tambaye shi yadda shi yake kiransa ba.

Ya ce mu dawo ranar da ba ya shiga ruwa, mu zo da zarenmu.