Tarihin Amfani da Gajeren Saƙon Waya Wajen Taimaka wa Masu Son Barin Taba

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda gajeren saƙon wayar hannu ya shigo cikin aikin likitocin unguwa da ƙananan asibitoci, wato wuraren da majiyyaci kan fara zuwa kafin a tura shi babban asibiti. Amma labarin ya girmi wayar kanta, don haka sai mun ɗan koma baya.

Tun a 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka nuna dangantakar shan taba da sankarar huhu a Ingila. Sanin illa daban, barin taba daban. A 1979 Michael Russell da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da likitocin unguwa 28 a Landan. Daga cikin mashayan da ba a ce musu kome ba, kashi 0.3 cikin 100 ne kurum suka bari har shekara ta zagayo. Waɗanda kuwa likita ya yi wa nasiha ta minti ɗaya ko biyu, ya ba su 'yar takardar bayani, ya kuma ce za a waiwaye su, kashi 5.1 suka bari. Wannan ya tabbatar da cewa maganar likita tana da nauyi, amma kuma ya fito da giɓin da ke akwai. Likita yana ganin mutum na ɗan lokaci ne a ofis, alhali kwaɗayin taba kan taso ne bayan cin abinci, ko cikin hira da abokai, ko da tsakar dare, sa'ad da babu likita a kusa.

An aika da gajeren saƙo na farko ran 3 ga Disamba, 1992, a kan layin Vodafone a Ingila, gaisuwar Kirsimeti ce. Sai da aka shekara goma sha uku kafin a buga babban gwaji na farko a kan taba. A Niyu Zilan aka yi shi, ƙarƙashin Anthony Rodgers na Jami'ar Okland, da mutum 1,705, aka kuma bayyana sakamakon a 2005. Bayan mako shida, kashi 28 cikin 100 na masu samun saƙonnin suka ce sun bari, a ɗaya rukunin kuwa kashi 13. Sai dai galibi da bakinsu suka faɗa, kuma da aka kai wata shida lissafin bai fito sarai ba.

Wannan raunin ne Caroline Free ta makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan ta toshe a gwajin txt2stop, wanda mujallar Lancet ta buga a 2011. Mutum 5,800 suka shiga. Ana aika wa rabinsu saƙo biyar a kullum har mako biyar, daga nan sai uku a mako har mako 26. In kwaɗayi ya taso wa mutum, akwai kalma guda da zai aika, nan take a amsa masa da abin da zai ɗauke masa hankali. In kuma ya yi tuntuɓe ya sha kara ɗaya, akwai wata kalmar, sai a ba shi ƙarfin guiwa maimakon zargi. Muhimmin abu shi ne ba a tsaya ga maganar baki ba, an auna yawu ko numfashin waɗanda suka ce sun bari. Bayan wata shida aka sami kashi 10.7 a rukunin saƙo, kashi 4.9 a ɗayan. Ninki biyu ke nan. Amma kada mu manta, a cikin mutum goma wajen tara sun koma wa tabarsu.

A nan akwai abin lura, wanda a ganina ba a cika kula da shi ba. Akasarin mutanen waɗannan gwaje-gwaje talla suka ji suka kawo kansu, watau da niyyarsu suka zo. Majiyyacin da tari ko hawan jini ya kai asibiti ba lalle ne ya zo da wannan niyya ba. Gwajin da ya shiga ɗakin likitan unguwa sosai shi ne iQuit in Practice, wanda Felix Naughton da abokansa na Jami'ar Kambirij suka buga a 2014, da mashaya 602 a asibitocin unguwa 32. Kowa ya sami taimakon da aka saba bayarwa, rabi aka ƙara musu saƙonni na kwana 90. A mako na takwas, wanda shi ne ma'aunin da masu binciken suka ɗauka tun farko, bambancin bai taka kara ya karya ba. A wata na shida ne ya bayyana: kashi 15.1 da kashi 8.9, bisa faɗar mutanen da kansu. Abin da na fahimta shi ne, saƙon ya fi amfani bayan an daina zuwa asibiti, lokacin da mutum ya rage shi kaɗai.

Gwamnatoci ba su jira ƙarshen muhawarar ba. Cibiyar nazarin sankara ta Amurka ta buɗe SmokefreeTXT a 2011. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka haɗa guiwa, daga nan Indiya ta soma nata shirin a 2016, inda mutum zai buga wata lamba ya katse, sai a yi masa rajista ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Tun da mahalarta wannan taro da yawa masana harshe ne, bari in ja hankalinsu ga wani abu. Saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma jerin haruffan da aka tsara wa wayar tun asali ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Da zarar ɗayansu ya shiga, saƙon ya koma harafi 70, kuɗin aikawa ya ƙaru. Duk wanda zai tsara irin wannan shiri da Hausa, dole ya zaɓa: ko ya biya ƙarin kuɗin, ko ya bar mai karatu ya rarrabe tsakanin karan taba da ƙara taba.