Rezo Ya Yi Nauyi: Yadda Muka Koyi Auna Jinkirin Intanet a Adar

A Tawa ba ka jin mutum ya ce intanet ɗinsa na jinkirin milisakan kaza. Abin da ake cewa shi ne "rezo ya yi nauyi". Maganar ta wadatar da mai ƙorafi, mai gyara kuwa ta bar shi cikin duhu, domin nauyin kala biyu ne. Akwai na ƙuncin ƙofa, inda kaya suka fi ƙarfin hanya. Akwai kuma na nisa, inda ƙofa take a buɗe amma ɗan aike ya tafi ya daɗe bai dawo ba. Na yi shekaru a sana'ar nan kafin in iya raba su.

Lokacin da na shiga aikin, a farkon shekarun 2000, duk ofishin da ke da intanet na kirki a garin nan za ka ga farar tasa a tsakar gidansa tana kallon sama. Bankuna ne da ƙungiyoyin agaji da wasu gidajen siber. Tauraron ɗan Adam da tasar ke magana da shi yana can a nisan kilomita 35,786. Saƙo ya hau, ya sauka a Turai, amsa ta hau, ta sauko mana: tafiya huɗu ke nan, kilomita kusan 143,000. Haske kansa, mai gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, sai ya ci milisakan wajen 480 kafin ya gama wannan zirga-zirga. In an ƙara ɓata lokacin na'urori, allo ya nuna maka 600 ko 700. Wannan jinkirin ba laifin kowa ba ne, kuma ba kuɗin da ke rage shi.

Awon da muke da shi a lokacin ɗaya ne, ping. Wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta shi a 1983, ya ba shi sunan ƙarar da jirgin ƙarƙashin teku ke aikawa yana jiran amo ya dawo. Ka jefa ɗan ƙaramin saƙo, ka ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya komo. Aibinsa shi ne ba ya ba da labari sai na lokacin da kake tsaye. Wani Alhaji mai shagon aika kuɗi kusa da kasuwa ya sha kirana da daddare rai a ɓace. In iso da hantsi, in buga ping, komai lafiya lau.

"Alhaji, ai ga shi yana tafiya."

"Malam, tsoronka yake ji. Bari ka juya baya."

Kamar yaron da zazzaɓi ke saki da zarar an iso ƙofar likita. Na koma gida ina zargin mutumin da son ƙorafi, alhali shi ke da gaskiya.

Abin da ya fitar da mu shi ne ɗora wa ruta aikin awon, wato akwatin nan da ke tsaye tsakanin gida da waje yana raba wa kowane saƙo hanya ('yan'uwanmu na Najeriya rauta suke cewa). Shi ne mai gadin ƙofa, kuma ba ya barci. Kwamfutar tebur tana mutuwa da an ɗauke kuran, ruta kuwa ƙaramin batiri da panon hasken rana ɗaya sun riƙe shi kwana da wuni. Manyan ofisoshi masu na'urorin Cisco suna da abin da ake kira IP SLA: ka faɗa wa ruta wurin da zai taɓa, duk bayan sakan nawa, da iyakar da in aka wuce ta zai yi ƙara ko ya juya zuwa hanya ta biyu. Mu talakawan sana'a MikroTik muka samu, ɗan kamfanin ƙasar Latbiya da aka kafa a 1996, don shi aljihu ke iya ɗauka. Netwatch ɗinsa na wancan zamani abu biyu kawai ya sani, a raye ko a mace. Layin da ke numfashi da ƙyar, a wurinsa lafiyayye ne. Dole muka riƙa rubuta 'yan umarni da hannu, ruta ya jefa ping 10 kowane minti, ya ajiye matsakaicinsu a littafinsa. Sai a RouterOS 7, manhajar MikroTik, aka koya wa Netwatch auna jinkiri da kansa. Inda hali ya yi, mukan ajiye tsohuwar kwamfuta a gefe da SmokePing, manhajar Tobias Oetiker ɗan Suwizalan, wadda ke zana layi ta kewaye shi da hayaƙi. Layin shi ne jinkiri, hayaƙin kuma rawar da jinkirin ke yi, yanzu 80 anjima 400. Hayaƙin nan ya fi layin ɓata murya a waya.

Mako ɗaya da zanen ya fara taruwa na gane ciwon Alhaji. Daga bayan isha'i layi ke tashi tsaye, ya sauko wajen sha biyun dare. Yaransa ne ke zama a shago suna tura bidiyo, saƙonnin kuɗi kuma su shiga dogon layi a cikin ruta suna jiran a gama. Nauyin a cikin ɗakinsa yake. Shekaru bayan haka na ji cewa Jim Gettys ya bayyana wannan cuta ta cushewar layin jira a 2010. Maganinta bai wuce a rage wa kowa rabo kaɗan a ba ƙananan saƙonni gaba ba.

Darasin da ya fi tsada shi ne kada ka auna wuri ɗaya. Yara masu koyo suna son 8.8.8.8 na Google don sauƙin haddacewa, amma in lambar ta haura ba za ta gaya maka inda aka tsaya ba. Ni uku nake sa wa kowane ruta: ƙofar kamfanin da ke ba da layi, wata na'ura a Yamai, da wata a Turai. In ta farko ta tashi, hau rufi ka duba anten ɗinka. In ta farko lafiya ta biyu ta lalace, abin yana kan hanya, wataƙila an tono fibar, wayar zaren gilashi, tsakanin Ƙonni da Doso. In biyun suna nan daram ta uku ta haukace, ka sha shayinka, matsalar tana teku. Nijar ba ta da gaɓa, intanet ɗinmu bi yake ta ƙasashen maƙwabta, musamman ta Gaya zuwa Kwatano inda wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 ta fito. Da ta lalace a Yulin 2009, Benin da Togo da Nijar da Najeriya duk sun ji a jika. Haka ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka yanke a gaɓar Kodebuwa. Ran nan ban hau rufin kowa ba. Zane na riƙa nuna wa masu kira.

Zuwan fibar daga Ƙonni, ta ratsa Tawa ta nufi Agadas, ya sauya lissafi. A cikin zaren gilashi haske na gudun kilomita 200,000 a sakan, wato kowane kilomita 100 na cin milisakan 1 zuwa da dawowa. Yamai, mai nisan kilomita 550 ko kusa da haka, ta zama maƙwabciya.

Arewa kuwa labarinta daban. Da ka bar kwalta ka nufi Cintabaradan, Tasara ko Tiliya, saƙo tsalle yake daga dogon ƙarfe zuwa wani ta iska, ƙarafan kuma da yawansu rana ke ciyar da su. A can zanen ruta kalanda ne. Da hunturu ƙura ta rufe pano, batiri bai ƙoshi ba, sai ka ga layi ya yanke kafin asuba ya dawo da hantsi. Da damina hadari ya taso, masu tasa su ga saƙonni suna zubewa tun ruwa bai sauka ba. Kowane dare kuma akwai tudu, lokacin da 'yan cin rani ke kiran gida daga Abijan da Libiya. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada murya ta wuce milisakan 150 kafin ta isa kunnen mai saurare. Ba'adare bai san wannan lamba ba, amma ya san ciwonta, domin gaisuwarmu karɓa-karɓa ce da sauri. Ka ce "ina gida", shiru, ka ƙara "ina yara", sai "lahiya lau" ta farko ta ci karo da tambayarka ta uku. Tsohuwa ta ajiye waya tana cewa ɗanta ya koyi katse magana a bariki.

Wani abin dariya da ya taɓa kunyata ni: ƙananan rutocin nan ba su da batirin agogo. In wuta ta yanke gaba ɗaya, sai su farka a Janairun 1970. Na tara awon wata guda, na ɗauka zuwa wani ofishi don in kafa hujja, aka buɗe aka ga rabinsa an yi shi tun kafin a haife ni. Daga ranar, saita agogo ta intanet shi ne farkon abin da nake yi.

A 2025 Starlink ya fara aiki a Nijar bisa izini, da taurari a nisan kilomita 550 kacal. Tasa ta dawo tsakar gida, ƙarama wannan karon, jinkirinta kuma 'yan gomomi. In ka matse awon zuwa kowane sakan, za ka ga ƙananan haƙora a zanen, domin duk sakan 15 ake sake raba wa tasa tauraro. Watan jiya na kafa ɗaya a wani kanti a Abalak, na bar tsohon layi a matsayin na biyu. Yaron da nake koya wa aiki ya buɗe manhajar gwajin gudu a wayarsa, ya ga megabit sun haura 100, ya fara naɗe waya.

"Maigida, an gama ai."

Na miƙa masa kwamfuta na ce ya zauna ya shigar da wurare ukun nan, ya duba agogo, ranar kasuwa mu dawo mu karanta.