Na'urar ganin kifi a ƙarƙashin ruwa da irin koton da ake ƙera mata

Masu saurare da yawa sun ga hotunan nan a salula: mutum tsaye cikin jirgi, idonsa a kan wani ɗan allo, yana kallon kifi na bin ƙugiyarsa har ya haɗiye. Daga nan ne wasu masunta suka fara kiran ƴan uwansu da ke waje, suna cewa a aiko musu da irinta. To kafin a ɓatar da kuɗi, mun ga ya dace mu zauna mu yi bayanin abin nan dalla-dalla, da na'urar da kuma kayan fatsar da ake haɗa ta da su.

Sunanta sona. Ba ido gare ta ba, kunne gare ta. Akwai wani ɗan dunƙule da ake ɗaurawa a gindin jirgi ya nutse cikin ruwa, shi ne ke aika sauti ƙasa, sautin ya bugi abin da ya tarar ya dawo, kamar amsa-kuwwa a tsakanin duwatsu. Sauti cikin ruwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, ya ninka gudunsa cikin iska fiye da sau 4. Ke nan a ruwa mai zurfin mita 6, zuwa da dawowar ba su kai kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ba. Da wannan ɗan lokacin na'urar ke lissafa zurfi, ta zana a allo. Abin ba sabo ba ne: ƴan uwa biyu masu suna Furuno sun fara sayar da irinta a Nagasaki ta ƙasar Japan a 1948, kamfanin Lowrance na Amurka ya fitar da ta ƙananan jirage a 1959. Wadda ke tashe yanzu, mai nuna motsin kifi kai tsaye a gaban jirgi, ita ce irin LiveScope da kamfanin Garmin ya fitar a 2018.

Abin da sona ta fi ji a jikin kifi ba nama ba ne, ba ƙaya ba. Jakar iskar nan ce da ke cikinsa, wadda mata ke cirewa in suna gyaran kifi. Naman kifi kusan nauyinsa ɗaya da ruwa, sauti yana ratsa shi ya wuce. Iska kuwa da ƙarfe sun bambanta da ruwa ƙwarai, shi ya sa suke mayar da sauti da ƙarfi. Duk wanda ya riƙe wannan ya gane sirrin ƙirar koton.

Da can mai ƙera koton ƙarya ido ɗaya yake yi wa aiki, idon kifi. Wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa a 1936 da ɓawon itace mai shawagi, ya naɗe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, don ya yi rawa kamar ƙaramin kifi mai rauni. Yau kuwa koton sai ya gamsar da biyu: kifi ya gan shi ya yi kwaɗayi, na'ura ta ji shi ta nuna wa mai jirgi inda yake. In masunci bai ga kotonsa a allo ba, bai san ko yana saman kifin ko yana ƙarƙashinsa ba, kuɗin na'urar ya tafi a banza.

Koton roba mai laushi shi kaɗai ba ya fitowa sosai, don shi ma kusan nauyin ruwa gare shi. Sai aka koma soke shi a ƙugiya mai kan ƙarfe. Galibi dalma ce, amma masu hali sun koma wani ƙarfe da ake kira tangistan. Dalma ta fi ruwa nauyi sau 11, tangistan sau 19. Amfaninsa shi ne ƙaramin dunƙule ya ba da nauyin babba, ya nutse da sauri ya isa wurin kifin kafin kifin ya gusa, kuma taurinsa na mayar da sauti da kyau. Wasu masu ƙira suna barin ɗan rami mai iska cikin koton, ko su sa ƴar kwalba mai ƙwallayen ƙarfe, wadda ke yin aiki biyu: tana kaɗawa kifi ya ji, tana kuma haske a allo. Siffa ma tana da magana. Gefe mai faɗi ya fi mayar da sauti a kan siriri mai tsini, kamar yadda bango ya fi sanda mayar da murya.

Akwai kuma yadda koton ke tsayawa. Kifaye masu farauta sun fi kai hari sama da ƙasa, don haka ake ɗaura zaren ta yadda koton zai kwanta a miƙe kamar kifi mai iyo, a riƙe shi ɗan sama da kan wanda ake nema, ana girgiza sanda a hankali. Zaren kansa, saƙaƙƙen nan siriri ake so, don ba ya miƙewa kuma ruwa ba ya jansa da yawa, sai a ƙulla masa ɗan guntun zare garai-garai a wajen ƙugiya. Wanda ke neman tsage dai ya san sai da waya a wurin, in ba haka ba haƙoransa su datse komai.

To mu dawo gida. Me wannan zai yi a ruwanmu?

Sona ta talakawa, mai duba ƙasa kawai, sautinta yana buɗewa kamar hasken tocila. A yawancinsu faɗin wurin da take ji kusan kashi 1 cikin 3 ne na zurfin ruwan. A mita 30 tana jin fili mai faɗin mita 10. A mita 3 kuwa, mita 1 tak. Kun ji inda gizo ke saƙar. Tabkunanmu irin su Madarunfa a jihar Maraɗi, Tabalak a Tawa, Gidimuni a Damagaram, ba ruwaye masu zurfin gaske ba ne, kuma da bazara ta yi suna ƙara ja baya. Jirgi na bi ta kan kifi a irin wannan ruwan, kifin ya riga ya watse tun kafin na'ura ta ji shi. Jan ruwa ko laka ba su hana sauti wucewa, wannan kam albishir ne, amma ciyawa na hanawa. Kacala da sauran ciyayin ruwa cike suke da iska, sai su cika allon da shirme.

Sa'annan a duba irin kifin. Tarwaɗa kwance take a laka, jakar iskarta ƙarama ce, a allo sai ta haɗe da ƙasa. Ita da ƙanshi da gashin bakinta take neman abinci, tana da hanjin kaza sun fi mata duk wani koton roba da aka yi a Amurka. Karfasa kuwa mafi yawan cinta tsiro ne da gansakuka, raga ce maganinta. Mai mamari ko birgi ko gura, koton nan ba nasa ba ne sam.

Inda muke ganin abin zai biya kuɗinsa shi ne kogin Isa, daga Yamai zuwa Gaya, a gurabu masu zurfi da gindin duwatsu inda giwan ruwa ke laɓewa. Giwan ruwa mafarauci ne, jakar iskarsa babba ce, yana fitowa sarai a allo, kuma yana bin koto mai motsi. A jan ruwa launi ba ya da wani tasiri can, kifi da jijiyar gefen jikinsa yake jin girgiza, saboda haka koto mai kaɗawa da mai rawa ya fi mai ado. Ko cokalin ƙarfe da maƙeri ya yanke, ya huda, ya sa wa ƙugiya, yana yin duka biyun: yana walƙiya yana juyi, na'ura kuma tana jinsa tsaf. Abu ɗaya muke roƙo, a daina narka dalmar tsohon batir a tsakar gida don yin nauyin fatsa. Hayaƙinta da ƙurarta guba ne, yara ƙanana ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Ko a ƙananan tabkuna na'urar tana da ɗan amfaninta, ba don ganin kifi ba, don sanin ƙasan ruwa: ina rami, ina kututturen da ke yaga raga, nawa ruwan ya rage a watan Afrilu. Don wannan ƙaramar ta wadatar, ba sai mai tsada ba.

Wani abin da ya kamata sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta su sa wa ido: can Amurka ma abin ya jawo gardama, har wata ƙungiyar gasar kamun kifi ta hana amfani da sona mai duba gaba daga 2025. Su wasa suke yi, akasari suna mayar da kifin cikin ruwa. Mu ci muke yi. Ramin da manyan kifaye ke fakewa da rani, su ne iyayen na baɗi, in mutum ɗaya mai allo ya gano shi ya kwashe, gari duka zai ji a jikinsa. Mu a ganinmu gara na'ura ɗaya a hannun ƙungiya, da dokar wurin da ba a taɓawa, da a ce kowa da tasa.

Ga ƴan uwa na waje da za su saya: ku fara tambayar zurfin ruwan da irin kifin da ake nema. Ku tabbata an haɗo da dunƙulen da ke shiga ruwa da wayarsa, don allon shi kaɗai ba ya komai. Yawancinsu da batir mai bolt 12 suke aiki, ke nan sai an tanadi sola ko wurin caji. Akwai kuma ƴan ƙanana kamar ƙwallo, irin na Deeper, da ake jefawa da zare su aiko hoto cikin salula, waɗannan ba su bukatar jirgi, daga bakin gaɓa ma ana aiki da su.