Hoton Asibiti Yana Ƙona Jini? Ga Tarihin Yadda Aka Yi Masa Mudu

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar kifi daga Ngaski, ya aiko da wasiƙa. Ya ce likita ya sa a sake yi wa mahaifiyarsa hoton asibiti, mutane kuwa suna ta cewa hoto yana ƙona jini. To malam, gyara zama, amsarka tana cikin tarihi.

A shekarar 1895 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano wani haske da ido ba ya gani, amma yana ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Shi ne eksire. Duniya ta ɗauki murna, ba wanda ya san abin yana da dafi. Masu aikin suka riƙa tura hannu cikinsa kullum, sai fata ta saɓule, gashi ya zube. A Amurka, Clarence Dally, mai taimakon Thomas Edison, sai da aka yanke masa hannu biyu, ya rasu a 1904. Ganin irin wannan asara, a 1928 masana suka kafa kwamitin duniya na tsara iyakar wannan haske.

Mu a nan, bam ne ya farkar da mu. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Kowa ya san daga can iskar hunturu take taso mana da ƙura, shi ya sa hankali ya tashi. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. A 1964 aka buɗe ofishin auna irin wannan haske a Jami'ar Ibadan. An yi doka a 1995, a 2001 kuma hukumar kula da al'amuran nukiliya ta ƙasa ta fara aiki. Ita ke ba asibiti lasisin ajiye injin hoto.

Da farko ma'aikata aka fi kulawa da su. A 1996 kwamitin nan na duniya ya ba da shawarar kowace ƙasa ta yi wa majinyata nasu mudun. Yadda ake yi shi ne, a tattaro adadin da asibitoci da yawa suke bayarwa a hoto iri ɗaya, a jera, a ja layi inda uku cikin huɗu suke ƙasa da shi. Asibitin da ya saba haura layin, sai ya binciki injinsa da aikinsa. Kamar dai mudun kasuwar Yauri ne: in na wani ya bambanta da na jama'a, sai a tambaye shi dalili.

Akwai kuma hoton da ake fara yi wa mutum allura tukuna. Sinadarin ya bi jini, hasken ya fito daga cikin jiki, inji ya ɗauka. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen wannan aiki a 2006. Sinadarin da aka fi amfani da shi, teknishiyam, rabin ƙarfinsa yana tafiya cikin awa 6, wani kuma ya fita ta fitsari. Shi ya sa ake cewa a sha ruwa da yawa bayan an gama.

Sunan ma'aunin milisibat. Daga ƙasa, iska da abinci kawai, mutum yana samun kamar 2.4 a shekara. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce 0.1 ba. Hoton ƙashi na allura kamar 4 ne, sitisikan na ciki kuwa yakan kai 8 zuwa 10.

Saboda haka malam, hoto biyu ba ya ƙona jini, kada tsoro ya hana a gano ciwon Hajiya. Amma fa kada a maida hoto abin marmari. Ku adana tsohon hoto a leda, ku tafi da shi in an tura ku Birnin Kebbi ko Sakkwato, wataƙila ya hutar da ku sabo, kuɗi ma su huta. Mai juna biyu ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a fara. Kuma ba laifi ba ne a tambayi likita me hoton zai nuna.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun ji daga gare ku.