Yadda Birnin 'Yan Fashi Ya Samu Alƙalai da Direbobin Tasi

Kamfanin Rockstar ya fitar da Grand Theft Auto V a 2013 domin mai son fasa banki, ƙwace mota da tsere wa 'yan sanda a Los Santos, birnin da aka zana da kamannin Los Angeles. Amma yau in ka leƙa wasu dandalolin wannan wasa, sai ka tarar da mutum ya wuni yana tuƙa tasi, yana tsayawa in danja ta nuna ja, yana ciniki da fasinja. Wani yana sayar da abinci a shagon Burger Shot, wata kuma lauya ce tana fafutukar belin wanda aka kama. Ba kwamfuta ta ɗora musu aikin ba. Kowannensu mutum ne a ɗakinsa da makirufo a baki, ya ƙirƙiri suna da hali da asali, ya kuma ɗau alkawarin ba zai fita daga wannan hali ba muddin yana cikin gari.

Abin ya faro ne tun kafin a san intanet a gidaje. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a kan tebur: ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa. Shekara huɗu bayan nan, Roy Trubshaw, ɗalibi a Jami'ar Essex ta Ingila, ya fara rubuta MUD a babbar kwamfutar jami'ar, Richard Bartle ya karɓa ya faɗaɗa shi. Babu hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla. Ka rubuta cewa ka nufi arewa, allo ya bayyana maka ɗakin da ka shiga da mutanen da ka tarar. A 1989 James Aspnes ya fitar da TinyMUD, wanda ya rage farautar dodanni ya bai wa 'yan wasa ikon gina ɗakunansu. Daga nan mutane suka fara shiga don zama da hira da ƙulla labari, ba don cin maki ba.

Duk mai son fahimtar wannan harka ya tsaya a kan Habitat, wanda Chip Morningstar da Randy Farmer suka gina wa kamfanin Lucasfilm, aka fara gwada shi a 1986 a kwamfutar Commodore 64. Su da kansu sun ba da labarin yadda suka shafe makonni suna tsara wata farautar dukiya da suke zaton za ta ɗauki mutane kwanaki, sai wani ya warware ta cikin kimanin awa takwas. Abin da ya riƙe jama'a kuwa, wanda suka ƙirƙira da kansu ne. An ɗaura aure, an buɗe wajen ibada, an yi gardama mai zafi a kan bindiga: shin harbe mutum-mutumin wani kisa ne ko wasa? Da aka ji ra'ayin jama'a sai suka rabu kusan gida biyu daidai, aka sasanta da cewa babu harbi babu sata a cikin gari, amma a daji kowa tasa ta fisshe shi. Har shugaban 'yan doka suka zaɓa, tun kafin a san irin ikon da za a ba shi.

A ganina nan ne ainihin labarin yake. Ana kiran wannan wasa na sakin mara, wai babu rubutaccen labari, amma tarihinsa kaf na kafa doka ne, kuma kusan kowace doka wata ɓarna ce ta haife ta. A LambdaMOO, wani wasan rubutu irin MUD da Pavel Curtis ya kafa a 1990 a cibiyar bincike ta Xerox, wani ɗan wasa ya yi amfani da wata dabara ya riƙa rubuta ayyukan batsa da sunan wasu, kamar su ne suke yi. Marubuci Julian Dibbell ya ba da labarin a jaridar Village Voice a 1993. An goge mai laifin, daga baya kuma aka shigo da tsarin ƙorafi da jefa ƙuri'a.

Ultima Online ya zo a 1997 da duniya mai hoto inda mutum zai iya zama maƙeri, masunci ko maɗinki, ya gina gida ya sa kaya a kasuwa. Tun ana gwaji, a watan Agusta, wanda ya ƙirƙiro wasan, Richard Garriott, ya fito a matsayin sarki Lord British zai yi wa jama'a jawabi, ashe an manta a kunna masa kariyar da ke hana shi mutuwa, wani mai suna Rainz a wasan ya watsa masa wuta ya sheƙe shi a bainar jama'a. Abin dariya ne, amma ya nuna inda aka dosa. Makasa suka addabi maƙera da masunta har kamfanin wasan ya buɗe Trammel a 2000, tagwayen duniya inda ba a kai maka hari sai da yardarka. Jama'a suka kwarara can, wasu kuma har yau suna cewa ranar ce aka zare wa wasan laka, domin labarin da babu haɗari a cikinsa ba ya daɗi.

Bayan haka sai abin ya koma hannun masu yi wa wasanni kwaskwarima. Aka samu SA-MP a kan GTA San Andreas, DarkRP a Garry's Mod, Altis Life a Arma 3, duk aikin 'yan sa-kai. A irin waɗannan wurare ne dokokin da ake bi yanzu suka daidaita. Ba ka kashe kowa sai da dalili a cikin labari. In aka ɗora maka bindiga a ka, dole ka ji tsoro kamar ranka guda ne, ko da ka san za ka farfaɗo a asibiti. In an kashe ka, ka manta wanda ya kashe ka, babu komawa ɗaukar fansa. Abin da ka gani a bidiyon wani kuwa, jaruminka bai san shi ba, ko da maɓoyar abokin gabarka ce. Wannan ta ƙarshe ta fi kowacce wuyar bi, domin babu mai tsaronta sai kai. Kamar tashe ne: yaro ya manna auduga a haɓa, wasan yana tafiya ne kawai muddin kowa ya yarda tsoho ne.

Duniya ta farga da waɗannan dandaloli ne ta hanyar Twitch, shafin yaɗa wasa kai-tsaye. A Maris 2019 manyan masu yaɗa wasa kai-tsaye irin su Lirik da Summit1g suka shiga NoPixel, dandalin da wani ɗan Ostireliya da aka fi sani da Koil ya kafa, masu kallo suka yi caa. Shiga NoPixel sai da takardar neman izini, ka bayyana jaruminka, ka amsa tambayoyi, sannan ka bi layi. Sai dai kallo ya zo da nasa ciwon. Mai dubban masu kallo yana neman abin da zai burge su yanzu-yanzu, shi ya sa fashi da tsere suke danne mai shagon da ke gina labarinsa sannu a hankali, kuma in rigima ta tashi, magoya baya sukan bi ɗan wasan da zagi har wajen wasa.

NoPixel a kan FiveM yake gudana, manhajar da ke bai wa mutane damar buɗe dandalinsu na GTA V. A 2015 Rockstar ya toshe asusun wasu daga cikin masu gina ta, yana zarginta da buɗe ƙofar satar fasaha. A ƙarshen 2022 ya sassauta, ya fitar da sharuɗɗa da suka hana sayar da kuɗin kirifto da akwatunan sa'a a dandalolin. A Agusta 2023 kuma ya sanar cewa Cfx.re, ƙungiyar da ke bayan FiveM, ta zama wani ɓangare na kamfanin. Masu dandali suna nan suna rubuta dokokinsu suna korar masu karya su, amma filin da suke kai yanzu yana da mai shi, kuma shi ke da ta cewa a kan abin da za a sayar a ciki.